Kafin yaranmu su shiga ɗakin JAMB

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ga 'yar shawara daga abin da na gani da idona.

Tun 2015 JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a, ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai ɗalibin da sai ranar jarrabawa yake fara taɓa linzamin kwamfuta. Bara wata ɗalibata, yarinya mai kai, ta dawo tana hawaye: hannu na rawa, kibiya ta ƙi tsayawa inda take so, lokaci kuwa na ta gudu. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, ina lokacin koyon riƙe linzami?

Kada latse-latsen waya ya ruɗe mu, kwamfuta daban take. A fara tun SS1. Ko kwamfuta biyar gare ku, a raba yaran uku-uku, kowa ya samu minti 20 da hannunsa. Malam, don Allah in yaro ya kakare kada ka karɓe linzamin ka yi masa, faɗa masa da baki ya yi da kansa. (Ni ma na daɗe kafin na daina wannan halin.)

A nuna musu maɓallan da ake amfani da su a jarrabawar: A, B, C, D na zaɓar amsa, N na gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Ranar da babu wuta, a zana allon maɓallai a kwali su saba da mazaunin haruffa. Wanda ke da hali kuma, ya biya wa ɗansa jarrabawar gwaji ta JAMB.