Shawara ga mai shirin zuwa Aisland

'Yan uwa, kafin ku sayi tikiti ku fara zaɓar wata, domin a Aisland lokaci shi ne komai. A watan Yuni rana kusan ba ta faɗuwa, a Disamba kuma hasken yini bai wuce awa huɗu zuwa biyar ba. Mai son ganin koren hasken nan da ke rawa a sama da dare ya je tsakanin Satumba da Maris. Ku kuma tambayi malami tun daga gida yadda za ku ƙaddara lokutan salla.

Idan kwanakinku kaɗan ne, kada ku ce sai kun zagaye tsibirin, titin ya haura kilomita 1,300. Ku sauka a Reykjavik, babban birnin ƙasar, ku ware yini guda ku ziyarci wurare uku: Thingvellir, inda majalisarsu ta fara zama a shekarar 930, sai Strokkur mai feso tafasasshen ruwa sama kowane 'yan mintoci, sannan gangaren ruwa na Gullfoss. A ganina wannan ya biya kuɗin tafiya.

Blue Lagoon kuwa, tafkin ruwan ɗumi da ake wanka a ciki, ku duba tukuna ko a buɗe yake, don tun 2021 duwatsu ke aman wuta a yankin Reykjanes inda yake, wani lokaci akan rufe wurin. A baƙin rairayin Reynisfjara kada ku juya wa teku baya, igiyar ruwan ta kashe mutane.

Ruwan famfo mai sanyi tsabtatacce ne, ku riƙe gora kawai. Abinci akwai tsada, amma kifi ba ya yankewa. Bizar Schengen, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai da dama, za ku nema, kuma katin banki ya fi tsabar kuɗi amfani.