Zuwa Garnada: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar lokacin tafiya

Duk wanda ya karanta tarihin Andalus yana da burin ganin fadar Alhamra ta garin Garnada a kudancin Sifaniya da idonsa, fadar da sarakunan Banu Nasr suka zauna a cikinta har garin ya fita daga hannunsu a 1492. Abin da ke damuna shi ne mutum ya tara kuɗi shekara guda, ya sha wahalar biza, sannan ya zaɓi watan da zai hana shi more abin da ya je gani.

Kuskuren da ya fi yawa a wurinmu shi ne cewa "zafi ai namu ne". Sai a shirya tafiya a Yuli ko Agusta saboda hutun yara. Zafin Garnada a watannin nan yakan wuce digiri 35, wani lokaci ya taɓa 40, kuma ba a zaune za ka sha shi ba. Alhamra a kan tudu take, unguwar Albaizin kuwa lunguna ne masu hawa da aka shimfiɗe da duwatsu. A gida idan rana ta take kowa ya san ya nemi inuwa. A can tafe kake awa uku ko huɗu a cikin cunkoso. Idan babu makawa sai lokacin, ka nemi shigar safe, 8:30, ka koma masauki kafin azahar.

Wasu kuma suna ɗauka kudancin Sifaniya ba ya sanyi. Garin yana bisa teku da wajen mita 700, a gindin duwatsun Siyera Nebada inda ake wasan ƙanƙara. A daren Janairu sanyi kan sauka zuwa sifiri, rigar da ta raba ka da hunturun Kano ba za ta tsinana komai ba. Masauki dai ya fi araha, jama'a ba yawa, amma daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Maris da 6 na yamma ake rufe fadar.

Ni a ganina ƙarshen Afrilu zuwa Mayu ya fi, sai kuma Oktoba. A Mayu furannin lambun Heneralife da ke gefen fadar sun buɗe, ruwa na gudu a magudanai, ga ragowar ƙanƙara fari fat a kan dutse. Sai dai ka duba kalanda kada ka faɗa makon Ista, wanda ke canzawa tsakanin Maris da Afrilu: ana toshe tituna don jerin gwanon coci, kuɗin otal kuma ya yi sama.

Babban kuskuren kuwa ni kaina na taɓa yin sa: sayen tikitin jirgi kafin na fadar. Na isa ƙofa da safe, aka ce tikitin ranar ya ƙare, na gobe ma haka. Na tsaya ina kallon jajayen ganuwar daga waje, zuciyata ba daɗi. Adadin masu shiga ƙayyadadde ne, a lokacin cunkoso tikiti kan ƙare makonni kafin ranar. Ka fara sayen sa ta intanet, sannan ka ɗora sauran tafiyar a kansa. Da sunanka yake fitowa, don haka ka riƙe fasfo. Akwai kuma sa'ar shiga ɓangaren fadojin Banu Nasr a rubuce. Ka makara, an wuce da kai.

Bizar Shengen, wadda ake shiga Sifaniya da ita, ma kada ka bari sai ƙurarren lokaci. Ana karɓar takardu tun saura wata 6, amsa kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45.

Ka tuna da lokutan salla. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan 9:30 na dare, isha kuma ta kai ka wajen 11, abin da ke wahalar da mai tafiya da yara. A Oktoba magariba na zuwa da wuri, sai ka hau Albaizin ka yi ta a babban masallacin da aka buɗe a 2003, wanda daga lambunsa Alhamra ke fuskantar ka kai tsaye.