Yadda za ka dawo da void* zuwa asalinsa a cikin constexpr

Duk mai rubuta C++ ya san wahalar nan, ka zuba fointa (mai riƙe adireshin abu) a void* (fointar da ba ta da nau'i) don ka ɓoye nau'insa, ka zo dawo da shi a cikin constexpr (kod ɗin da ake lissafawa tun lokacin harhaɗawa) sai kamfaila, wato manhajar da ke harhaɗa kod, ta ce atafau ba ta san zancen ba. Tun C++11 ake wannan fama, har C++20 da aka yarda a yi new da delete tun lokacin harhaɗa kod, wannan ƙofar dai a garƙame take. To yanzu an buɗe ta, kwamitin da ke tsara ƙa'idojin C++ ya amince da takardar P2738 ta Corentin Jabot da David Ledger a taron Varna na ƙasar Bulgeriya a watan Yunin 2023, ta shiga C++26.

Fara duba kamfailarka tukuna, GCC 14 ko Clang 17 zuwa sama, ka sa mata -std=c++2c. In kana so ka tabbatar daga cikin kod ɗin, duba __cpp_constexpr, in ya kai 202306L shi ke nan. Sai ka gwada wannan:

constexpr int gwaji() { int x = 7; void* p = &x; return *static_cast<int*>(p); }
static_assert(gwaji() == 7);

Zai wuce lafiya lau. Amma fa akwai sharaɗi, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe: nau'in da ka nema dole ya zama shi ne ainihin abin da ke zaune a wurin. Ka ajiye int ka nemi float ko char, ba za ta yarda ba, ƙarin const ne kawai ba matsala. Wanda ya fi rikita mutane shi ne gado, ka zuba fointan Derived (wanda ya gaji Base) a void* ka ce a ba ka Base*, nan take za ta tsayar da kai ko da kuwa adireshinsu ɗaya ne. Maganin abin, ka maida shi Base* tukuna sannan ka zuba a void*. Shi kuwa reinterpret_cast kar ma ka taɓa shi, har yau haramun ne a nan.

Ni kam wannan tsaurin ya yi min daidai wallahi, don a lokacin harhaɗa kod kamfaila tana riƙe da nau'in kowane abu, kuskuren da a da sai manhaja ta faɗi a hannun masu amfani kafin ka gano shi, yanzu tun a teburinka za ta nuna maka layin. In kana gina abu mai ɓoye nau'i irin std::function ko std::any, ajiye void* tare da ɗan aikin (function) da ya san asalin nau'in, shi kaɗai za ka bari ya riƙa yin static_cast ɗin.