Kurakuran da aka fi yi wajen shiga sabar ofis daga nesa

Na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaita kansa. Shugaba ya ce yana son buɗe fayilolin aiki daga gida, sai sabon mai kula da kwamfutoci ya shiga rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet, ya buɗe ƙofa mai lamba 3389, wadda Remote Desktop, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ke bi, ya bar ta tana kallon intanet. Aiki ya yi, kowa na murna.

Ni ma na taɓa yin haka, kuma na ɗanɗana kuɗata. Wata Litinin da safe muka tarar da fayilolinmu duk a kulle, ga saƙon neman kuɗin fansa. Da na duba rajistar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolin ofis, ashe an kwashe kwanaki ana gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya har aka dace. Kada ka ce ofishinku ƙarami ne, wa ya san da ku? Manhajojin masu kutse dare da rana suke yawo suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, babu ruwansu da sunan mai gida. Sauya lambar ƙofar ma ba ya ɓoye ta, za su gano. Haka ƙofa ta 445 da Windows ke raba fayiloli ta cikinta: ta nan WannaCry, mugun shirin kwamfuta mai kulle fayiloli don neman fansa, ya bazu a watan Mayun 2017, alhali Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris.

Yanzu duk a rufe nake barin su. Mai son shiga sai ya biyo ta VPN, wato keɓantacciyar hanyar shiga mai ɓoye bayanai, ni manhajar WireGuard nake sawa, sannan, bayan kalmar sirri, asusunsa ya nemi lamba ta biyu daga wayarsa.

Sai asusun waɗanda suka bar aiki. Haba jama'a! Mutum ya tafi wata shida, makullinsa na nan yana buɗe ƙofa? Kutsen da aka yi wa kamfanin Colonial Pipeline na Amurka a 2021 ta wani tsohon asusun VPN aka bi, wanda ba a amfani da shi kuma babu lamba ta biyu a kansa. Ni ranar da ma'aikaci ya yi sallama nake kashe nasa, tun bai fita daga harabar ba.

FTP, tsarin tura fayiloli, a fili yake aika kalmar sirri, koma SFTP da ke ɓoye ta. Kalmar sirri ɗaya ga sashe guda kuwa, in ɓarna ta faru ba ka san wa za ka tambaya ba. Kowa a ba shi iya fayilolin da aikinsa ke bukata.

Waccan Litinin ɗin, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne faifan da muke ajiye kwafi a kansa: a jone yake da sabar, shi ma aka kulle shi. Tun daga nan, da an gama kwafa nake zare faifan, kuma duk wata nakan dawo da fayil ɗaya daga ciki in buɗe shi da idona.