Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Madubin Hanya da Tarayya a iBGP

Duk wanda ya taɓa kula da rautocin kamfanin intanet, wato na'urorin da ke zaɓa wa bayanai hanya, ya san dokar iBGP, wato BGP (tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi) na cikin gida ɗaya: hanyar da rauta ta ji daga 'yar'uwarta ta cikin gida, ba ta isar da ita ga wata 'yar'uwar. An yi haka ne don kada hanya ta riƙa kai da kawowa ba iyaka, tunda a cikin AS ɗaya, wato rukunin rautocin da ke ƙarƙashin lamba ɗaya, ba a ƙara lamba a jerin wuraren da hanya ta biyo. Shi ya sa dole kowace rauta ta ƙulla zama, wato haɗin BGP kai tsaye, da kowace. Rauta 10 zama 45 ne, rauta 50 kuwa 1,225. Tun 1996 aka fito da mafita biyu: madubin hanya, wanda injiniyoyi ke kira RR, wato rautar da aka yarje wa ta isar da hanyoyi ga sauran, da tarayya, wato kwanfedereshan. Yau takardar ƙa'ida RFC 4456 ce ke bayanin na farko, RFC 5065 na biyun.

Mataki na farko, ƙidaya rautocin da lallai sai sun yi BGP. Idan kana da MPLS, wato tsarin tura kaya (bayanai) ta bin lakabin da aka manna musu, na tsakiya ba sa bukatarsa, na gefe kawai. In ka ƙidaya ka ga shida ko takwas ne, bar su yadda suke.

Mataki na biyu, tambayi kanka wa ke riƙe da gidan. Idan tawaga ɗaya ce, kuma IGP ɗaya ne, wato tsarin gano hanyoyin cikin gida irin OSPF ko IS-IS, ya ratsa ko'ina, ɗauki madubi. Tarayya tana raba AS ɗinka gida-gida, galibi da lambobin ajiya daga 64512 zuwa 65534, na waje kuma lamba ɗaya tak suke gani. Tana da amfani inda kowane yanki ke da masu kula da shi da nasa IGP, misali bayan kamfanoni biyu sun haɗe, kowa yana son tace abin da ke shigo masa a kan iyaka. Amma a cikin kowane ƙaramin gida matsalar nan tana nan daram, sai ka sake haɗa kowa da kowa ko ka sa madubi a ciki.

Mataki na uku, auna wahalar ƙaura. A nan ne, a ganina, magana take ƙarewa ga yawancinmu. Madubi layi ɗaya ne a kan rautar da ka zaɓa. A rautocin Cisco da manhajar FRR, route-reflector-client za ka rubuta wa maƙwabcin. Ita rautar da ke karɓa ba ta ma san an yi ba. Tarayya kuwa sai ka sauya lambar AS a kan kowace rauta, zama ya yanke, hanyoyi su zube, ka tashi ƙarfe biyun dare kana sake ɗora su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na huɗu shi ya fi cin mutane: inda za a ajiye madubin. Madubi ba ya nuna duk abin da ya gani. Hanyar da shi ya ga ta fi ita kaɗai yake turawa, kuma in sauran ma'aunai sun yi kunnen doki, da nisan IGP daga inda yake zaune yake yanke hukunci. Ka ɗauka kana da ƙofar fita biyu, wato wuraren da kaya ke barin AS ɗinka, ɗaya a Legas ɗaya a Abuja, da abokan ciniki a Kano, madubinka kuma yana Legas. Zai ce ƙofar Legas ta fi kusa, don kusa da shi take. Rautar Kano ba ta taɓa jin labarin ta Abuja ba, sai kayanta su wuce ta bakin ƙofar Abuja su yi ta tafiya har Legas. Babu fitilar da za ta yi ja. Ƙorafin jinkiri kawai za ka ji, layin kudu kuma ya cika.

Maganinsa uku ne. Ko ka sa madubi a kowane gari, ya bi shimfiɗar layukanka na zahiri. Ko ka kunna ADD-PATH na RFC 7911, madubi ya tura hanya fiye da ɗaya, in rautocin suna da ƙwaƙwalwar ɗauka. Ko, idan na'urarka ta iya, ka bi tsarin RFC 9107 na 2021, inda madubi ke lissafa nisa daga mazaunin mai karɓa. Kada kuma ka dogara da madubi ɗaya. Sa biyu, a ɗaki daban, kan wuta daban. Tunda ba dole kaya su bi ta cikinsu ba, sabar mai gudanar da manhajar BIRD ko FRR ta isa.

Mataki na ƙarshe, kada ka rushe tsohon haɗi da gaggawa. Ɗora madubai a gefensa, ka rubuta yawan hanyoyin da kowace rauta ke da su. Sai ka cire zama ɗaya, ka duba: adadin bai ragu ba? Hanyar ta zo da ORIGINATOR_ID da CLUSTER_LIST, alamomin da madubi ke saka mata? Ƙofar fita ba ta sauya ba? In ukun sun yi daidai, cire na gaba. Fara da rautar da ta fi ƙarancin abokan ciniki, ka bar masu riƙe da ƙofar fita sai ƙarshe.