Babi na Bakwai: Kwantiragin Farko na Ɗan Ƙwallo da Lissafin Gobensa

Ranar da aka ce kulob ya ɗauki yaro, gida kan cika da 'yan barka. A hoton da za a ɗora a Facebook ga yaron riƙe da biro, ga shugaban kulob a gefensa, ga sabuwar riga mai lamba. Takardar da ke ƙarƙashin biron kuwa, shafi huɗu ko biyar na Turanci ko Faransanci, sau da yawa daga yaron har mahaifinsa babu wanda ya karanta ta. Wannan babi na iyaye ne da yayye da 'yan wasan kansu, domin a san abin da ake sa wa hannu da yadda za a riƙe abin da ya shigo.

Abin da za a duba kafin a taɓa biro

A dokar FIFA, ƙwararren ɗan wasa shi ne wanda yake da rubutaccen kwantiragi da kulob, kuma abin da ake biyansa ya wuce abin da yake kashewa wajen buga ƙwallon. A lura da kalmar "rubutacce". In koci ya ce, "Kar ka damu, za mu ba ka ɗaki, za mu ƙara maka in an shiga zagaye na biyu," amma babu shi a takarda, to magana ce ta fatar baki. Kocin ma ana iya sallamarsa kafin wata uku, wanda ya gaje shi kuma bai san zancen ba.

Da farko a duba suna da ranar haihuwa, su yi daidai da na fasfo da katin ɗan ƙasa, harafi da harafi. Sai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwantiragi ba ya wuce shekara 5, na wanda bai kai shekara 18 ba kuma ba ya wuce shekara 3, kuma mahaifi ko waliyyi ya sa hannu tare da shi. Mafi ƙarancinsa shi ne daga ranar farawa zuwa ƙarshen kakar wasa.

Kulob ya fi son ya ɗaure matashi da doguwar yarjejeniya a kan ƙaramin albashi, domin in ya yi fice su sayar da shi da tsada. Wannan ba laifi ba ne, ciniki ne. Amma in za a yarda da shekara huɗu ko biyar, a nemi a rubuta ƙarin albashi na kowace shekara da lambobi, ko ƙarin da zai hau in ya buga wasa kaza. Yaron da ya shiga a kan albashin ɗan benci, ya zama shi ke ci wa kulob ƙwallaye, bai kamata ya shekara huɗu a kan kuɗin farko ba.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne layin albashi. A sa yatsa a kansa, a yi tambaya uku: nawa ne, ran nawa ga wata ake biya, kuma wata nawa a shekara? Ga misali. Takarda ta ce naira 300,000 a wata, amma a ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa biyan na tsawon kakar wasa ne, wata 10. Jimillar ta zama 3,000,000. Ciki kuwa wata 12 yake neman abinci, saboda haka ainihin albashin yaron 250,000 ne. Kuɗin sa hannu shi ma a rubuta ko dunƙule za a bayar ko kashi-kashi, da ranar kowane kashi. Haka ladan cin wasa, na gida da na waje, da alawus ɗin tafiya, da masauki. In kulob ɗin na ƙasar waje ne, a tambaya ko adadin da aka rubuta kafin cire haraji ne ko bayan an cire, domin a wasu ƙasashen Turai harajin babban albashi yana lashe kusan rabi. A rubuta irin kuɗin da za a biya, da tikitin jirgi na zuwa da dawowa.

Sai batun rauni, wanda matasa ba sa son a ambata. In jijiyar cikin gwiwa ta tsinke, tiyata ce, kuma yawanci sai an yi wata shida zuwa tara, wani lokaci fiye, kafin a koma fili. Wa zai biya tiyatar? Albashi zai ci gaba? Akwai inshora? Duk a gani a rubuce. Masu shari'ar wasanni na FIFA ba sa karɓar rauni ko raguwar ƙoƙari a matsayin hujjar korar ɗan wasa, amma samun haƙƙi bayan kora yana cin lokaci, gara a toshe ƙofar tun farko. Dokar ta kuma hana kulob rataya ingancin kwantiragi a kan gwajin likita ko samun izinin aiki. Su yi gwajinsu kafin sa hannu. Bayan an sa, ba su da damar cewa sun fasa.

Mahaifin da bai yi boko ba kada ya ji nauyin cewa, "Yallaɓai, a ba mu kwana biyu mu kai wa lauya ya karanta mana." Kulob na gaskiya ba ya ƙin wannan. Wanda ya ce sai yanzu-yanzu ko a ba wani, akwai abin da ba ya so a gani. Kada a sa hannu a kan takardar da aka bar gurbin albashi ko na kwanan wata babu rubutu. A sa hannu a kowane shafi, a karɓi kwafi mai hatimin kulob nan take, a ɗauki hotonsa da waya, asalin kuma a adana shi a gida cikin leda, ba a jakar da yaro ke yawo da ita sansani ba.

In albashi ya maƙale

Wannan ba baƙon abu ba ne. A binciken da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta fitar a 2016, wanda ya shafi 'yan wasa kusan 14,000, kashi 41 cikin 100 sun ce an taɓa jinkirta musu biya, kuma kimanin kashi 45 cikin 100 ba sa samun dala 1,000 a wata. Waɗanda ake gani a talabijin ranar Asabar 'yan ƙalilan ne a cikin masu wannan sana'a.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yaro ya yi fushi ya tattara kayansa ya dawo gida. Da ya yi haka, shi ya zama mai laifi: ana iya ɗora masa diyya, a kuma dakatar da shi wata huɗu. Hanyar da FIFA ta shimfiɗa tun 2018 ita ce, in an riƙe albashin wata 2 cikakku, ɗan wasa ya rubuta wa kulob takarda, ya faɗi watannin da adadin kuɗin, ya ba su wa'adin da bai gaza kwana 15 ba. Ya aika ta imel, ko ya kai ofis a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. Cikin kwanakin nan ya ci gaba da zuwa atisaye, kada ya yi fashin ko rana ɗaya. In wa'adi ya cika ba a biya ba, yana da hujjar raba gari da su, ya nemi bashinsa da diyya. Wanda yake wasa a ƙasar da ba tasa ba yana iya kai ƙara kotun ƙwallon FIFA, ba a karɓar kuɗin shari'a daga ɗan wasa, amma ba a sauraron maganar da ta wuce shekara 2. Mai wasa a gida Nijeriya, kokensa yana zuwa wurin masu gudanar da gasar da kwamitin sasanci na NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya. Ya rubuta takardar kamar yadda aka faɗa, ya kuma nemi shawarar lauya kafin ya bar kulob. Hujjarsa ita ce bayanan asusun banki, shi ya sa ya fi kyau albashi ya shiga asusu mai sunansa maimakon a miƙa masa a ambulan.

Ejan da maganar fita waje

Ejan, wato wakilin da ke nema wa ɗan wasa kulob, in na gaskiya ne yana da lasisin FIFA, wanda tun 2023 sai an ci jarrabawa ake samu, kuma sunansa na cikin jerin da ke shafin FIFA na intanet. A sa wani mai waya ya duba. Yarjejeniyar ejan da ɗan wasa ba ta wuce shekara 2. FIFA ta yanka kashi 5 cikin 100 a matsayin iyakar ladan ejan ga ɗan wasan da albashinsa bai wuce dala 200,000 a shekara ba. A ƙarshen 2023 an dakatar da aiki da wannan iyaka saboda shari'o'i a Turai, amma har yanzu ma'auni ne mai kyau wajen ciniki. A kan albashin 3,000,000, kashi 5 shi ne 150,000. Mai neman kashi 20 yana neman 600,000 ne, albashin wata biyu cur.

Ba a canja wa yaro kulob zuwa wata ƙasa sai ya cika shekara 18, in ban da 'yan dalilai kaɗan, kamar iyayensa su yi ƙaura can don wata hidimar da ba ta ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa, bayan ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar Nijeriya da Kano Pillars, sai da ya jira 14 ga Oktoba 2010 ya cika 18 kafin ya samu damar buga wa VVV-Venlo ta Holan. To wanda ya zo gida ya ce zai kai ɗan shekara 16 Turai ya sa hannu, in dai an sayar da gona an ba shi kuɗin biza, ƙarya yake yi. Gwaji, wato kulob ya ga wasan yaro kafin ya ɗauke shi, shi ma yana da ƙa'ida: kulob ne ke gayyata a rubuce, ba ya wuce mako 8 a kakar wasa ga mai shekara 21 zuwa ƙasa, kuma an hana karɓar kuɗi da sunan gwaji. A tuntuɓi kulob ɗin ta adireshin da ke shafinsa, ban da lambar da ejan ya bayar. Fasfo kuma ya zauna a hannun mai shi. Yaran da aka yasar a otal a wata ƙasa, biza ta ƙare, babu tikitin dawowa, kusan duk da miƙa fasfo da kuɗin gona abin ya fara.

Kada kuma a sa hannu a kan takardar da ta ba wani attajiri ko ejan kaso a cikin kuɗin sayar da yaron nan gaba. FIFA ta haramta wannan tun Mayun 2015.

Kuɗin da ba na yaro ba

In rediyo ta ce an sayi yaro dala 500,000, dangi kan fara lissafin Makka da mota. Kuɗin nan daga kulob zuwa kulob yake tafiya. Ɗan wasa ba shi da ko sisi a ciki sai in kwantiraginsa ya ba shi kaso. Kashi 5 cikin 100, wato dala 25,000 a wannan misali, ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma sai wadda ta yi masa rajista da hukuma ke samu. Ya kamata mahaifi ya tara 'yan uwa ya yi musu wannan bayani da bakinsa. Yaro ba zai iya faɗa wa kawunsa ba, sai dai ya ci bashi don kada a ce ya samu duniya ya manta da mutane.

Yadda za a raba abin da ya shigo

Ma'aikacin gwamnati yana da shekara 35 na aiki, da fansho a bayansu. Ɗan ƙwallon da Allah ya tsare shi daga rauni yana da kamar 10 zuwa 15, kuma babu wanda ya yi masa alkawarin kwantiragi na biyu. Saboda haka lissafinsa ya bambanta da na kowa. Shawararmu ita ce a buɗe asusu biyu. Ranar da albashi ya shigo, kafin a amsa wayar kowa, kashi ɗaya cikin uku ya tafi asusu na biyu, wanda ba shi da katin cirar kuɗi. Daga 250,000, kusan 83,000 ke nan. A yanka wa gida adadi tsayayye, a miƙa shi ta hannun mutum ɗaya, uwa ko uba, duk mai buƙata ya bi ta can. Ladan cin wasa kada a sa shi cikin lissafin wata, domin ba kullum ake ci ba, kuma ba kullum ake biya ba.

Buri na farko shi ne ajiyar ta kai abin da zai riƙe shi wata shida babu albashi. Kuɗin sa hannu, da yake dunƙulalle ne, shi ya dace da fili, ba mota ba: mota tana cin mai da gyara, darajarta na sauka, kulob kuma yana da bas. Filin a saye shi da sunan yaron, da shaidu, da takardar ciniki, a bincika a ofishin filaye, kada a bar shi da sunan wani ɗan uwa wai don yana nesa. Naira tana zaizayewa in ta daɗe a kwance, don haka abin da ya haura ajiyar wata shida a mayar da shi kadara ko sana'ar da yaron ya fahimta, wadda yake ganin littafinta da idonsa. Masu cewa a kawo kuɗi su ninka shi cikin wata uku sun san 'yan ƙwallo sarai, har sansani suke bin su. Caca a kan wasanni kuwa, ban da haramcinta da asararta, dokar FIFA ta hana ɗan wasa yin ta, tana iya jawo masa dakatarwa. Musulmi ya tuna da zakka, kashi 2.5 cikin 100 na ajiyar da ta kai nisabi ta kuma shekara. Hutun ƙarshen kaka lokaci ne na kammala jarrabawar sakandare ko fara kwas ɗin koci.

Aikin aji

Malami ya rubuta wannan a allo. An yi wa wani matashi tayi biyu. Kulob na farko zai biya naira 350,000 a wata, na wata 10, babu masauki, babu maganar magani. Na biyu zai biya 280,000 a wata, na wata 12, da ɗaki, da inshorar rauni. Kowa ya fitar da jimillar shekara ta kowane tayi a littafinsa, ya cire hayar ɗaki ta 300,000 a shekara daga inda ya dace, ya cire ladan ejan kashi 5 cikin 100. Daga nan ɗalibai su kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama mahaifi, ɗaya sakataren kulob, mahaifin ya yi tambayoyin nan uku na layin albashi, ya kuma nemi kwafinsa kafin ya tashi daga kujera.