Yadda ɗalibin Kano zai shirya zuwa gajeren kwas a Italiya: harshe, girki, zane da aikin fata

Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da damina ta kankama a Kano, jami'o'in Italiya suna hutun zafi, kuma a nan ne suke buɗe gajerun kwasa-kwasai na mako biyu zuwa takwas domin baƙi. Ana koyar da Italiyanci, tarihin zane da gine-gine, girki da sana'o'in hannu. Ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Wudil, ko wanda ya gama yana jiran hidimar ƙasa, zai iya shiga. Amma duk wanda ya fara shiri a watan Mayu ya makara. Shirin Yuli a Janairu ake soma shi.

Zaɓi abu ɗaya

Wata guda ba ya ɗaukar buri huɗu. Tallar da ta yi maka alkawarin harshe da girki da zane da zagaya birane shida cikin mako uku, yawon buɗe ido ce aka sa wa rigar karatu. Ka tsayar da abin da kake so ka dawo da shi, shi zai nuna maka gari.

Idan harshe ne, akwai jami'o'in gwamnati biyu da aka kafa musamman don koyar da baƙi: Università per Stranieri di Perugia, wadda kwasa-kwasanta suka faro a 1921, da Università per Stranieri di Siena, wadda tushenta ya koma 1917. Perugia ce ke ba da takardar shaidar iya Italiyanci mai suna CELI, Siena kuma CILS, duka an san su a hukumance. Ana raba ɗalibai mataki shida, daga A1 zuwa C2, bayan gwajin da ake yi a farkon zuwa. A ganinmu waɗannan garuruwa biyu sun fi Roma da Fulorens amfani ga mai son harshe, domin ƙanana ne, haya ta fi sauƙi, kuma mai shago ba zai yi saurin juya maka zance zuwa Turanci ba. Wanda ya je bai san komai ba, wata ɗaya zai kai shi wajen A1: gaisuwa, ciniki, tambayar hanya. Kada a sa ran fiye da haka.

Idan zane da gine-gine ne, Fulorens ce, wadda a tikitin jirgin ƙasa za ka ga an rubuta Firenze. Nan ne gidan tarihin Uffizi yake, da ƙubbar babban cocin da mai zanen gini Brunelleschi ya kammala a 1436, wadda har gobe ɗaliban zanen gini ke nazarin yadda aka ɗora tubalinta ba tare da an tokare ta da katako daga ƙasa ba. A sani tun daga gida cewa yawancin darussan ana yin su ne a cikin coci-coci da gidajen tarihi, kuma akwai mutum-mutumi da hotunan tsiraici da yawa, kamar Dauda na Michelangelo da aka gama sassaƙawa a 1504. Wanda hakan zai dame shi ya karkata ga gine-gine, ko adon tayil, ko tarihin tsibirin Sisili, inda Musulmi suka yi mulki tun daga ƙarni na 9 kuma hannunsu ya fito a gine-ginen Palermo.

Akwai kuma abin da muke ganin ya fi dacewa da Bakano. A Fulorens, jikin cocin Santa Croce, akwai makarantar aikin fata mai suna Scuola del Cuoio, wadda aka kafa a 1950, tana kuma karɓar masu gajeren kwas. Fatar akuyar da majemanmu ke jemewa ta daɗe tana shiga kasuwannin Turai, har gobe kuma Italiya na cikin manyan masu sayen fatar Nijeriya. Mu muke fitar da fatar, su suke yanke ta su ɗinka jaka su sayar da ninkin ba ninkin. Ɗan gidan dukawa da ya je ya ga yadda suke fitar da fasali a takarda kafin su taɓa wuƙa, yadda suke fefe bakin fata, su shafe gefe da fenti su goge, zai dawo da abin da zai ci abinci da shi. Ya tafi da samfurin aikinsa guda biyu ko uku, malaman za su fi sanin inda za su ɗora shi.

Na girki kuwa, akwai jami'ar nazarin abinci ta Pollenzo, wadda ƙungiyar Slow Food mai rajin kare abincin gargajiya ta kafa a 2004, ita ta fi karkata ga noma da tarihin abinci, sai makarantar ALMA a Colorno kusa da Parma, ta masu son zama ƙwararrun kuku.

Daga Janairu zuwa Maris

Fara da fasfo. Dole ya zama an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu babu komai, kuma wa'adinsa ya zarce ranar dawowarka da wata uku. Idan bai cika ba, sabunta shi kafin komai.

Sai ka ɗauki kalandar jami'arka ka gwada da ranakun kwas ɗin. Zangon karatu a nan sau da yawa ba ya tafiya daidai da na Turai, kuma ba daɗi ka biya kuɗi sannan jarrabawa ta faɗo a Yuli. Idan kana so a lissafa maka kwas ɗin cikin sakamakonka, ka kai wa shugaban sashe cikakken manhajar kwas ɗin, ka nemi amincewa a rubuce kafin tafiya. A Italiya maki ɗaya, wato CFU, daidai yake da awa 25 na aikin ɗalibi, aji da bita a haɗe. Bayan ka dawo, ba wanda zai karɓi takardar halarta kawai a matsayin sakamako.

Ka yi rajista kai tsaye a shafin makarantar, ka biya ta banki zuwa asusun makarantar. Kada ka ba wani ɗan tsakani kuɗi a hannu don ya ce zai samo maka gurbi da biza a haɗe. Abin da kake buƙata daga makarantar shi ne takardar karɓa mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, ranar farawa da gamawa, yawan awannin karatu a mako, da shaidar biya. Idan fasfo ya ce Muhammad, takarda ta ce Mohammed, a gyara tun yanzu.

Biza

Kwas ɗin da bai wuce kwana 90 ba, bizar Shengen (wato ta rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya) ta gajeren zama ake nema, nau'in C, da dalilin karatu. Italiya na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, don haka sai ka baro Kano domin a ɗauki hoton yatsunka. Kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne tun Yunin 2024, amma doka ta yafe shi ga ɗaliban da za su je karatu, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Doka ta ba ka damar nema tun saura wata shida, kuma ba a karɓa idan ya rage ƙasa da kwana 15. Hukunci kan fito cikin kwana 15, amma yana iya kai 45, ga kuma wahalar samun ranar ganawa idan lokacin tafiye-tafiye ya matso. Nemi rana a Maris ko Afrilu.

Za a tambaye ka inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 da ta shafi duk ƙasashen Shengen, shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa da aka kama, da bayanan asusun banki na watannin baya. Gwamnatin Italiya na da ma'aunin guzuri: ga mutum ɗaya da zai wuce kwana 20, yuro 206.58 a dunƙule, da yuro 27.89 kowace rana, wato kimanin yuro 1,043 na kwana 30. Wannan ƙasan tukunya ne, tsohon ma'auni ne na shekarar 2000, ba zai ishe ka haya da abinci a yau ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne asusu. Kawu ya zuba maka miliyoyi saura mako ɗaya, jami'i ya ga asusun da jiya ba shi da komai yau ya cika, sai ya ƙi. Idan wani ne zai ɗauki nauyinka, a kawo nasa bayanan bankin, da wasiƙar ɗaukar nauyi, da shaidar dangantakarku. Na biyu, suna son ganin abin da zai dawo da kai: wasiƙar jami'a cewa kai ɗalibi ne mai ci, ko ta wurin aiki, ko rajistar kasuwancinka.

Abinci, wanda shi ne babban tarko

Naman alade ya ratsa girkin Italiya ta inda ba ka zato. Haddace waɗannan: maiale shi ne alade, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, mortadella da lardo duk daga jikinsa suke. Taliyar carbonara da amatriciana da guanciale ake yin su. Miyar ragù ta Bologna akwai pancetta da giya a ciki. Strutto kitsen alade ne, ana sa shi a wainar fulawa ta piadina da wasu burodi da kayan zaƙi, saboda haka karanta bayan leda. Shinkafar risotto yawanci ana zuba mata farar giya a farkon dahuwa, wasu kuma na sa barasa a kayan zaƙin da ake kira tiramisù. Kalmar da za ta cece ka ita ce senza, wato ban da: senza maiale, senza vino. Kifi, kayan lambu, wake, fiza margherita da taliya da tumatir suna ko'ina, manyan birane kuma akwai mahautan halal, galibi kusa da tashar jirgin ƙasa.

Mai zuwa kwas ɗin girki ya rubuta wa makarantar kafin ya biya ko sisi: shin ɗanɗana giya da sarrafa alade na cikin abin da ake ba da maki a kai? Idan sun ce dole ne, nemi kwas ɗin taliya, burodi ko gelato, wato askirim ɗinsu. Za ka iya fara motsa hannu tun a gida: giram 100 na fulawa ga ƙwai ɗaya, a murza minti goma har ya yi santsi, a rufe ya huta rabin awa kafin a miƙe shi. Idan aka tsallake hutun, kwaɓin zai riƙa tsukewa yana yagewa. Wajen dafawa, lita ɗaya ta ruwa da giram 10 na gishiri ga kowane giram 100 na taliya, kuma ba a zuba mai a ruwan, ba a ɗauraye ta bayan an tace, domin sitacin jikinta ne ke riƙe miya.

Zama a can

Ranar tana da tsawo. A Roma a ƙarshen Yuni rana na faɗuwa wajen ƙarfe tara saura kwata na dare, Isha ta wuce goma, Asuba kuma tun kafin huɗu. Tsara barcinka da ƙailula, in ba haka ba za ka yi gyangyaɗi a ajin safe. Babban masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995, yana cikin mafiya girma a Turai. A ƙananan garuruwa kuwa ɗakunan salla ne, tambayi mai shagon halal ya nuna maka. Tambayi masauki ko maza da mata ake haɗawa a gida ɗaya, domin a gidajen ɗalibai hakan ba baƙon abu ba ne, musamman ke 'yar'uwa ki nemi wannan a rubuce. Tambayi ko akwai fanka, don zafin Yuli na haura digiri 35 kuma ɗakuna da yawa ba na'urar sanyi.

Filoginmu mai ƙafa uku masu faɗi ba ya shiga soket ɗinsu, sayi adafta tun daga nan. Tikitin takarda na jirgin ƙasa na yanki sai ka buga shi a injin tasha kafin ka hau, in ba haka ba tara ce ko da ka biya. A gidan abinci za ka ga coperto a rasit, kuɗin zama ne, ba cuta ba ce. Uffizi a rufe yake ranar Litinin, gidajen tarihin gwamnati kuma kyauta ne Lahadin farko ta kowane wata, sai dai layi. Idan ka shiga Italiya ta wata ƙasar Shengen, misali ka sauka Faransa ka canja jirgi, kuma ba otal ka sauka ba, dole ka kai sanarwar isowa ofishin 'yan sanda, wato questura, cikin kwana takwas. In da hali, zaɓi Yuli a kan Agusta: ranar 15 ga Agusta hutun Ferragosto ne, makonnin da ke kewaye da ita shaguna da ofisoshi da yawa kulle suke, har da waɗanda za ka nema idan takardarka ta samu matsala.